Wasiƙa: Yadda Za Mu Horar da 'Ya'yanmu a Kan Auna Fahimta ta Turanci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da 'yan'uwanmu malamai da iyayen yara. Mu malaman Turanci ne na manyan makarantun sakandare, kuma abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ɓangaren auna fahimta da 'yar'uwarsa taƙaitawa. Nan ne yaranmu suka fi zubar da maki a WAEC da NECO, nan ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a aji.

Jarrabawar Turanci ta WAEC takarda uku ce. Ta farko canki-canka ce, tambayoyi 80 cikin awa ɗaya. Ta uku ta furuci ce, tambayoyi 60 cikin minti 45. Ta biyu ita ce uwar tafiya: awa biyu, maki 100. Insha'i yana da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. A haɗa 20 da 30, za a ga rabin makin wannan takarda yana kan abu guda, wato yaro ya karanta rubutun da bai taɓa gani ba, ya gane shi, ya faɗi abin da ya gane. Amma a yawancin makarantunmu darasin Turanci nahawu ne da haddar yadda ake buɗe wasiƙa da rufe ta. Sai jarrabawa ta ƙarato a tuna da karatu, a ɗauko tambayoyin shekarun baya a rubuta amsoshinsu a allo, yara su kwafe. Wannan rubutun da suka haddace amsarsa ba zai sake fitowa ba. Kuma kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar, har da Turanci.

Babban kuskuren da muke so 'yan'uwanmu malamai su daina shi ne fassara layi-layi. Malam ya karanta jimla da Turanci, ya juya ta da Hausa, ya wuce ta gaba. Niyyar mai kyau ce, tausayin yaran ne ya kawo ta, kuma salon ba baƙo ba ne a wurinmu, haka ake biya littafi a makarantar zaure. Sai dai yaro yana da wayo. Da zarar ya gane Hausar tana nan tafe, sai ya daina wahalar da kansa da Turancin, ya zauna yana jiran fassara. A ƙarshen darasi ya san labarin sarai, ya amsa tambayoyi da baki, malam ya ji daɗi. Ranar jarrabawa kuwa babu mai fassara masa. Ba muna cewa a kori Hausa daga aji ba. A juya aikin ne: yaro ya karanta sakin layi shi kaɗai, a zuci, sannan shi ya faɗa da Hausa abin da ya fahimta. A nan Hausa ta zama ma'auni. Idan ya kasa faɗa da harshen da ya tsotsa a nono, to bai gane ba, komai daɗin karatunsa a kunne.

Abu na biyu saurin karatu ne, kuma ana iya auna shi da agogon waya. Rubutun auna fahimta na WAEC ba ya gaza kalmomi 350, na taƙaitawa kuma wajen 500 ne. A ba yaro shafi, a ce ya karanta a zuci na minti ɗaya, ya sa alama inda ya tsaya, a ƙirga kalmomin, sannan a yi masa tambaya uku a kan abin da ya karanta don kada ya yi tsallake. Wanda ke cin kalma 60 a minti zai kwashe kusan minti shida kafin ya kai ƙarshen kalmomi 350 sau ɗaya. Karatu biyu, minti goma sha biyu sun tafi daga cikin talatin ɗin da aka ware wa wannan sashe, bai ɗora biro a takarda ba. A ganinmu, ɗalibin aji shida ya kamata ya kai kalma 120 zuwa 150 a minti, da fahimta. Abubuwan da ke rage gudu sanannu ne: bin layi da yatsa kalma-kalma, motsa leɓe, da tsayawa cak a kan kowace baƙuwar kalma. Maganinsu shi ne a koya wa ido ya ɗauki kalmomi uku ko huɗu a lokaci guda, a yanka jimla da fensir gida-gida, kamar “the old man / who sold grain / at the gate / had gone”, har ido ya saba ya daina buƙatar fensirin.

Ga yadda muke ba da shawarar a kasa minti talatin ɗin. Minti huɗu na farko a karanta rubutun tun daga sama har ƙasa ba tsayawa, don a san a kan me ake magana da kuma ɓangaren da marubucin ya karkata. Minti biyu a karanta tambayoyin, a ja layi ƙarƙashin kalmar tambaya: “why” dalili take nema, “how” hanya, “what” abu. Yara da yawa suna amsa “why” da abin da ya faru, ba da abin da ya jawo shi ba. Minti shida a sake karatu a tsanake, fensir a hannu, ana rubuta harafin tambaya a gefen layin da amsarta take. Galibi tambayoyin suna bin jerin rubutun ne, amsar ta farko tana sama, ta ƙarshe tana ƙasa, don haka wanda ya ga yana neman amsar tambaya ta biyu a sakin layi na ƙarshe ya dakata ya sake dubawa. Minti goma sha huɗu na rubutu, huɗu na bitar rubutun kalmomi da nahawu. Wannan bitar ba ado ba ce, domin ana cire rabin maki guda (½) a amsar da ke da kuskuren nahawu, ko da ma'anarta daidai ce.

Bari mu nuna a aikace da jimloli biyu da muka tsara don wannan wasiƙa:

“Although the traders had been warned that the river might overflow, few of them moved their goods. By the time the water receded, the market, which had fed the town for decades, was a shadow of itself.”

Tambaya ta farko: shin 'yan kasuwar sun ji gargaɗin? Yaron da ya ga “moved their goods” zai ce sun kwashe kayansu. Ƙaramar kalmar “few” ce ta kayar da shi. “A few” na nufin an samu wasu 'yan kaɗan, “few” ba tare da “a” ba kuwa na nufin kusan babu kowa. Ga kuma “although” a goshin jimlar tana sanar da mai karatu cewa abin da zai biyo baya saɓanin abin da aka zata ne. Irin waɗannan ƙananan kalmomi, su “hardly”, “scarcely”, “unless”, “despite”, “however”, “rather than”, su ne sitiyarin jimla, kuma su yaro ya fi tsallakewa domin idonsa na kan manyan kalmomi. “He hardly worked” ba ya nufin ya yi aiki tuƙuru, yana nufin da ƙyar ya taɓa aikin. Ya kamata kowane malami ya rubuta irin waɗannan guda talatin a kwali ya manna a bangon aji, a riƙa gina jimla da biyu daga cikinsu kullum.

Tambaya ta biyu ita ce ta musanya kalma, wadda ba ta taɓa rashin fitowa: a kawo wata kalma da za ta zauna a gurbin “receded”. Ƙa'idar a nan tana da tsauri. Kalmar da aka kawo dole ta zama ajinsu ɗaya, aikatau a gurbin aikatau, sifa a gurbin sifa, kuma lokacinsu ɗaya. “Subsided” daidai ne. “Subside” kuskure ne, ko da yake yaron ya san ma'anar, domin ya bar shuɗaɗɗen lokaci. Gwajin mai sauƙi ne: a cire tsohuwar kalmar, a saka sabuwar, a karanta jimlar gaba ɗaya. Idan ta yi tuntuɓe a baki, ba ita ba ce. Sannan a ba da amsa ɗaya tak. Yara suna jera kalma biyu ko uku da fatan ɗaya ta dace, alhali idan ɗaya daga ciki kuskure ce, sifili ake bayarwa. Haka kuma ma'anar da ake nema ita ce ta cikin wannan jimlar, ba ta farko da ke cikin ƙamus ba. “Fed” a nan ba ɗura wa gari abinci a baki ba ne, wadata shi ne da abin masarufi.

Tambaya ta uku ita yara suka fi tsoro, alhali ita ce ta fi saurin koyuwa: mene ne sunan wannan yanki a nahawu, kuma mene ne aikinsa? A ɗauki “which had fed the town for decades”. Matakin farko, a duba ko akwai aikatau mai ɗauke da lokaci. Akwai, “had fed”, don haka ganga ce, abin da za a rubuta “clause”. Da babu, da yanki ne kawai, “phrase”. Mataki na biyu, me take yi? Tana zaune daf da bayan suna tana ƙarin bayani a kansa, aikin sifa ke nan, sai a rubuta “adjectival clause”. Mataki na uku, a ambaci kalmar da take siffantawa: “It qualifies the noun market.” Wanda ya tsaya a “it qualifies the noun” bai gama amsa ba, wanda ya rubuta “clause” tsura ma haka. Gangar da ta fara da “although”, “when”, “because” ko “if” galibi aikin bayanau take yi, tana bayani a kan aikatau, a misalinmu “moved”. Tarkon yana wurin “that”. Yara sun haddace cewa “that” na buɗe gangar sifa, amma a “that the river might overflow” ba suna take siffantawa ba. Abin da aka gargaɗe su a kai take faɗa, ita kanta ta tsaya a matsayin suna, “noun clause” ce. Idan aka ware minti goma sau biyu a mako ana ciro irin waɗannan daga rubutun da aka karanta, zango ɗaya ya isa a rufe wannan ƙofa.

Ta huɗu adon harshe ne, kuma a nan ɗalibin da ya yi Hausa da kyau yana da jari. Ya san kamantawa, ya san siffantawa, ya san mutuntarwa da kambamawa, sunayensu na Turanci kawai zai ɗora a kai. “A shadow of itself” siffantawa ce, “metaphor”, domin an kira kasuwa inuwa kai tsaye ba tare da “like” ko “as” ba. Idan aka nemi ma'ana, kada a maimaita kalmar inuwa, a ce kasuwar ta durƙushe, ba ta kai yadda take a da ba. Muna ganin asara ce malamin Hausa da malamin Turanci suna koyar da abu ɗaya a azuzuwa maƙwabta, ba wanda ya taɓa nuna wa yaro cewa abu ɗaya ne.

Akwai kuma tambayoyin da amsarsu ba ta kwance a layi ɗaya, kamar a ce mene ne ra'ayin marubucin, ko me za a iya fahimta daga kaza. A nan kuskuren iri biyu ne. Wani ya kwafo jimla sukutum yana fatan amsar tana ciki. Wani kuma ya bar rubutun ya amsa daga abin da ya sani a gida, idan maganar ambaliya ce ya kawo labarin ambaliyar garinsu. Dokar ita ce duk amsar da yaro ya bayar, ya iya ɗora yatsa a kan layin da ya ba shi hujja. A lokacin atisaye, malam kada ya karɓi amsa, ko da daidai ce, sai ɗalibi ya karanto wannan layin. Shi ya sa “ina hujjarka?” ita ce tambayar da ya kamata a fi ji a darasin auna fahimta.

Taƙaitawa tana da minti 40 da maki 30, kuma galibi jimloli shida ake nema, kowace maki biyar. Nan ne kwafe ya fi yin ɓarna, domin jimlar da aka ɗauko yadda take daga rubutun ba tare da tunani ba sifili take samu. Amsar da ba cikakkiyar jimla ba rabin maki take samu, kuma ana cire maki idan aka cusa abin da ba a tambaya ba. Hanyar da ta fi aiki ita ce a sa wa kowane sakin layi lamba, a nemo maganar da yake ɗauke da ita, a soke misalai, wato duk abin da ya biyo bayan “for example”, “such as” ko “for instance”, da jerin sunaye da alƙaluma. Sannan a kife takardar a rubuta daga ka. Ga misali: “Many young people, tired of waiting for rains that come late and end early, have abandoned their fathers' farms for Lagos, Abuja and Port Harcourt.” Kalmomi 25 ke nan. Idan aka tambayi dalilin ƙaurar matasa, amsar ita ce “Unreliable rainfall drives young people to the cities.” Kalmomi takwas. Sunayen birane uku sun koma “cities”, jinkirin damina da saurin ɗaukewarta sun koma “unreliable rainfall”. Wanda ya rubuta “Unreliable rainfall” ya tsaya ya gane maganar, amma ya yar da rabin makinsa don bai sa aikatau ba. Wannan nemo kalma ɗaya da za ta haɗiye da yawa shi ne ƙashin bayan taƙaitawa, kuma ana iya atisayensa da baki: gero, dawa, masara, me ya haɗa su da Turanci? “Grains”. Zazzaɓin cizon sauro, kwalara, ƙyanda? “Diseases”.

JAMB kuma wata duniya ce. Tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne, ke nan daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. A kan kwamfuta ake yi, ba damar jan layi da fensir, kuma yaron da bai taɓa karanta dogon rubutu a allon kwamfuta ba yakan ɓace tsakanin rubutun da tambayar. Amsoshin zaɓi ma da gangan ake tsara su: ɗaya takan ɗauko kalmomin rubutun amma ta juya ma'anar, ɗaya gaskiya ce a duniya amma ba a faɗe ta a rubutun ba, ɗaya kuma ta wuce gona da iri da kalmomi irin su “always”, “never” ko “all”. A koya wa yaro ya fara soke waɗannan kafin ya zaɓa. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta ta buɗe shi ga 'yan aji shida ko sau ɗaya a mako. Inda babu, wayar hannu ma ta fi babu.

Duk wannan ba zai yiwu a wata biyun ƙarshe ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga aji huɗu ya kamata a fara. Abin da muke ba da shawara shi ne rubutu biyu a mako a aji, ɗaya a warware shi tare a tsanake, ɗaya a yi shi da agogo kamar jarrabawa. A gida kuma minti ashirin na karatu kullum, ko wane iri ne: sharhin jarida, littafin Tarihi ko na Kimiyya, gajeren labari. Ga dabara mai araha: a samu labari ɗaya da ya fito a Daily Trust da kuma Aminiya, yaro ya fara karanta na Turancin, ya faɗi abin da ya gane, sannan ya duba na Hausar ya ga inda ya kauce. Kowane ɗalibi ya riƙe ƙaramin littafi na sababbin kalmomi, biyar a rana, kuma ya rubuta jimlar da ya tsinci kalmar a ciki, domin kalmar da aka haddace tsirara ba ta daɗewa. Biyar a rana, kwana biyar a mako, mako 12, kalmomi 300 ke nan a zango guda. A haɗa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya na Turanci, su “un-”, “mis-”, “dis-”, “-less”, “-ful”, waɗanda ke ba yaro damar cankar ma'anar kalmar da bai taɓa gani ba. Ƙamus kuwa a buɗe shi bayan an canka, ba kafin nan ba, tunda ba a shiga da shi ɗakin jarrabawa.

Mun san abin da wasu malamai za su ce: aji mai yara tamanin ko ɗari, wa zai duba wannan tarin littattafai? Ƙorafin gaskiya ne. Amma ba kowane aiki ne sai malam ya duba da jan biro ba. A sa yara su yi musayar littattafai, a rubuta ƙa'idar ba da maki a allo, su duba na juna, malam ya ɗauki goma ya sake dubawa, mako mai zuwa wasu goma. Yaron da ya taɓa ba abokinsa sifili saboda kwafe ko saboda jera amsa biyu ba ya saurin maimaita wannan kuskuren da hannunsa. Abin da ba shi da amfani shi ne a faɗi amsa daidai a wuce. Minti goman da aka kashe ana bin amsar da ba daidai ba, ana tambayar yaro me ya kai shi can, sun fi sabon rubutu amfani. Rahoton manyan masu duba takarda da WAEC ke fitarwa a shafinta na intanet yana bayyana irin kurakuran da ɗalibai suka yi a kowace shekara, ya kamata kowane shugaban sashen Turanci ya buga shi ya raba wa malamansa.

Iyaye kuma, ko wanda bai ji Turanci ba yana da rawar takawa. Ya zaunar da yaro bayan sallar isha'i, ya ce karanta wannan shafin a zuci, sannan ka ba ni labarinsa da Hausa. Uwa ko uba za su gane nan take ko labarin yana da kai da gindi. Kuɗin da wasu ke kai wa cibiyoyin satar amsa, da an sayi ƙamus da littattafan karatu biyu da fitila mai caji da shi, da ya fi wa yaron amfani, domin takardar sakamako ba za ta karanta masa littattafan jami'a ba.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne wannan jarida ta ware rabin shafi kowane mako daga watan Janairu zuwa Yuni: gajeren rubutun Turanci na kalmomi 350, tambayoyi bakwai ko takwas a ƙasansa, mako mai zuwa a kawo amsoshin tare da bayaninsu da Hausa. Akwai makarantun karkara da littafin karatu ɗaya yara biyar ke rabawa, kwafin jarida guda zai iya zaga aji. Idan kun amince, a shirye muke mu riƙa tsara rubutun da amsoshin kyauta.

Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya ba 'ya'yanmu sa'a.

Naku,
Wasu malaman Turanci na sakandare,
Zariya, Jihar Kaduna.